Hawan Dutsen Taishan: a yi shiri kafin a taka matakala

'Yan uwanmu na zangon Kumasi masu zuwa Sin sarin kaya, in an gama lodin kwantena kuma da sauran kwana biyu kafin jirgi, Dutsen Taishan ya cancanci kuɗin mota. Yana garin Tai'an a lardin Shandong, kamar awa biyu daga Beijing a jirgin ƙasa mai gudu. Tsayinsa ya haura mita 1,500, kuma tun 1987 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Shi ne hoton da ke bayan takardar kuɗin Sin ta yuan biyar.

A fara da haikalin Dai da ke gindin dutsen. An gina babban zaurensa a 1009, tsawon zanen jikin bangonsa ya kai mita 62. Wurin bautar mutanen ƙasar ne, mu kallon gini da tarihi ya kai mu, sai a shiga da natsuwa.

Daga ƙofar Hongmen zuwa ƙololuwa matakala sun haura 6,000, tafiyar awa huɗu zuwa shida. Rabin farko yaudara ne: ga inuwar bishiyoyi, ga rubuce-rubuce a jikin duwatsu, mutum ya yi ta sauri. Sai ya iso Shibapan, matakala sama da 1,600 a tsaye, wasu ko tafin ƙafa ba sa ɗauka duka, ƙarfi kuwa ya riga ya ƙare. Dubi masu dakon wurin da sanda a kafaɗa: a karkace suke hawa, sannu a hankali. Haka za ka yi. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya hau bas daga tashar Tianwaicun da ke gindin dutsen zuwa Zhongtianmen da ke tsakiyar hawan, daga nan motar igiya ta kai shi kusa da ƙololuwa. Saukowa ma ta fi cin gwiwa.

Masu son ganin fitowar rana da dare suke hawa. Matsalar ita ce gumi: riga ta jiƙe, iskar sama ta buge ta, sanyi ya shiga ƙashi. Riƙe busasshiyar riga a jaka, ka kuma yi hayar babban kwat a can. Iskar nan ce ta sa aka rufa haikalin Bixia da ke saman dutsen da tagulla da ƙarfe.

Tafi da fasfo don yankar tikiti, da ruwan alwalar asuba, da guzuri daga gidan abincin Musulmi a cikin gari. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne, cunkoson ya fi na kasuwar Kejetia ta Kumasi ana jajiberin salla, kada a kusanci wurin.