Daga Marwa Zuwa Kolofata

Motar Mora ta cika tun kafin hantsi a tashar Marwa, a arewacin Kamaru. Tafiyar ba ta wuce kilomita 60 ba, sai dai a kowane shinge ana sauka a nuna katin ɗan ƙasa. Dattijuwar da ke gefena, 'yar Amchide ce, ba ta da shi. Takardunta sun ƙone tare da ɗakinta a 2014, lokacin da Boko Haram suka addabi garuruwan bakin iyaka. "Ɗana, ni tawa ta ƙare," in ji ta, "jikokina nake ji." Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya zana jarrabawar gama firamare, kuma in wa'adin rajista ya wuce, sai alƙali ya yanke hukunci kafin a ba da ita. Shi ya sa alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zama, aikin da ya kamata a ninka.

Daga Mora na hau babur zuwa Kolofata, duwatsun Mandara na bayanmu. A zauren wani lawani, wato mai unguwa, na tarar ana shari'ar gonar masakwa, dawar rani. Mai ita ya yi gudun hijira, ya dawo ya iske maƙwabcinsa na nomawa. Babu takarda ko ɗaya. Dattawa biyu suka shaida cewa iyakar tana gindin tsamiya tun zamanin kakanni. Lawan ya ce wanda ya dasa ya girbe na bana, baɗi gona ta koma hannun mai ita. Aka shafa fatiha.

Da na tambaye shi batun tubabbun 'yan Boko Haram, sai ya gyara zama. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014 ta miƙa ƙararrakin ta'addanci ga kotun soja, sannan a 2018 Shugaba Paul Biya ya kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsoffin mayaƙa cikin jama'a, wanda ɗaya daga cikin cibiyoyinsa ke Mora. "Malam, gona da aure nawa ne," ya ce, "jini ya fi ƙarfin zaurena."

Nan ne zuciyata ta tsaya. Ina son yaran nan su fito daga daji, da yawansu ma sace su aka yi. Amma matar da aka kashe wa miji tana da haƙƙin a zaunar da ita gaban alƙali a ji ta bakinta, a rubuta, kafin a roƙe ta yafiya. Zawarawan da na zanta da su a bakin rijiya abin da suke nema ke nan.