Godiya Bayan Zangon da Iska Ta Yaye Mana Rufi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya da la'asar muka sallami yara, aka rufe zangon ƙarshe. Na kulle ofis na zauna a bakin baranda, na kasa tashi. Sai a lokacin gajiyar watannin nan ta sauko mini gaba ɗaya. Alhamdu lillahi. Kun san abin da ya faru tun ranar da iska ta yaye rufin manyan azuzuwa, wasunku ma a kan idonsu aka yi, don haka ba sai na maimaita ba. Godiya na zo yi, kuma na san bakina ba zai iya kai ta inda ta dace ba.

Abu ɗaya ne har yanzu yake tashina cikin dare. Da ƙarar ta lafa muka tara yara a fili, ruwa na dukanmu, na karɓi rajistar aji biyar ina kiran suna da kaina. Takardar ta jiƙe, biro ya ƙi rubutu. Kowa na amsawa, wasu cikin kuka. Na zo kan sunan wata yarinya, shiru. Na sake kira, shiru. Na waiga na dubi ajinsu, ga katako ya karyo ya danne bencin da ke jikin taga, kuma na san nan ne wurin zamanta. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Malamai sun ce salati kawai nake ta yi, ni ban ma sani ba. Sai ga Baba mai gadi ya ɓullo ta bayan ƙananan azuzuwa, ya lulluɓe ta da rigarsa, ita kuwa ta damƙe katin harafi a hannu ta ƙi saki. Ashe lokacin darasin karatu ne, tana can rukunin masu koyon haruffa tare da 'yan aji uku. Waɗanda ke cikin ɗakin aji biyar ɗin kuma malaminsu ya riga ya fitar da su tun da kwano ya fara ɗagawa. Ruɗewa ta sa na manta da tsarin da ni da kaina na kawo makarantar.

Wannan tsarin kuwa shi ya fi jawo mini baƙin jini a farkon shekara. Mun zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya, muka miƙa wa kowa takarda. Wani ya karanta labari, wani sakin layi kawai, wani kalma, wani harafi, wani ko harafin bai gane ba. Abin da muka gani ya kunyata mu: yaro ya kai aji biyar, littafinsa cike da rubutun da ya kwafa daga allo, amma bai san me ya rubuta ba. Na san matsalar ta wuce makarantarmu. Rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka fitar tare da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Sanin haka bai rage mini zafi ba, don waɗannan yarana ne, ina ganinsu kullum. Sai muka ari hanyar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da ita: a ware lokaci kowace rana a raba yara bisa inda karatunsu ya tsaya, a ajiye maganar aji da shekaru gefe. Mahaifin yarinyar nan har ofis ya same ni, ransa a ɓace, ya ce an mayar masa da 'ya baya, an zaunar da ita cikin ƙannenta. Ranar da aka fara gyara shi ne ya fara isowa da guduma, kuma bai taɓa tayar da waccan maganar ba. Malam, Allah Ya saka maka da alheri.

Malamaina, ku ne kuka ɗauki dutsen. Ma'aunin da aka saba ambatawa shi ne yara 40 ga malami guda, mu kuwa tun kafin iska mun wuce nan nesa ba kusa ba. Da ɗakuna suka ragu muka raba makaranta gida biyu, 'yan safe da 'yan rana, kuka riƙa koyar da darasi ɗaya sau biyu, muryoyinku duk sun dushe. Kun roƙe ni kada in ware kowa, amma ku yi haƙuri, ba zan iya yin shiru a kan Malamar aji uku ba. Tana goyo, ga tazara tsakaninta da makaranta, amma da katunan haruffanmu suka jiƙe ita ta zauna ta yanka kwali ta sake rubuta su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, cikin dare. Da safe na gan su a kan tebur an ɗaure da zare, ba ta ce mini komai ba. Haka tsohon malaminmu da ya yi ritaya tun da daɗewa, ya dawo da sandarsa ya karɓi rukunin masu kalma, ya ce zaman gida ba zai karɓe shi ba alhali yara na zaune babu mai duba su.

Game da sakamako, ba zan cika baki ba. 'Yan aji shida sun zauna jarrabawarsu ta kammalawa a kan lokaci, abin da na cire rai da shi a watan farko. Lissafi har yanzu yana ba mu wahala, musamman rabawa. Amma rukunin haruffa da a da ba ya samun wurin zama, yanzu benci biyu sun ishe shi. Yarinyar nan ta haye zuwa sakin layi. Ba ta kai labari ba tukuna, tana bin kalmomi da yatsa tana tsayawa, kuma ni wannan tsayawar tata ta fi mini kowace lambar yabo.

Kwamitin iyaye da malamai, kafintocin da suka yi aiki rana tsaka, maƙwabtan da suka buɗe mana ɗakunansu muka ajiye littattafan da suka tsira, tsofaffin ɗalibai da suka ji labari daga nesa suka aiko da abin da ya sawwaƙa, na gode, na gode. Maigidana da ya jure dawowata bayan magariba da tarin takardu, Allah Ya bar mu tare. Akwai 'yan'uwa na jini da na yi ta duba waya ko zan ga kiransu, ko da na jaje ne kawai, har yau ban gani ba. Na yi musu uzuri, kowa da abin da ya dame shi, sai dai zuciya ba ta rasa jin wani abu.

Ya Allah, duk wanda ya ɗaga ko ƙusa ɗaya saboda yaran nan, Ka ɗaga darajarsa duniya da lahira. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana ɗaki. Ka shirya masa zuri'a, Ka jiƙan iyayensa, Ka yaye masa damuwar da bai faɗa wa kowa ba. Ka ba malamanmu lafiya da ladan haƙurinsu. Ka ƙara wa Baba mai gadi ƙarfi da tsawon rai mai albarka. Ka buɗe ƙwaƙwalwar yaranmu, Ka tsare su a hanya da cikin aji, kada Ka sake nuna mini ranar da zan kira sunan yaro in ji shiru. Amin summa amin.

Iyayen yaran da suka rage a rukunin haruffa, mun ba kowannensu kati ya tafi da shi gida. Don Allah a riƙa zama da su ko na minti goma ne da yamma kafin mu dawo hutu.