Hunturu, Akurki da Rashin Lafiyar Zaki

Laraba, tsakiyar watan Janairu, Jos.

Sanyin daren jiya ya fi na kwanakin baya tsanani, domin da na fito bayan sallar asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, hazo kuma ya lulluɓe duwatsun da muke hangowa daga tsakar gida. Garin nan yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 10 da dare, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ban buɗe akurki da wuri ba. A irin wannan lokaci nakan bari sai rana ta ɗan ɗaga, iska ta lafa, sannan in saki kajin.

Kafin in buɗe ƙofa na sunkuya na shaƙi iskar cikin akurkin, domin warin da ke fitowa daga ciki shi ne yake fara gaya mini halin da kajin suka kwana. Yau akwai ɗan warin kashi mai yaji a ido, alamar cewa shimfiɗar ta fara jiƙewa a gefen da mazubin ruwa yake. Na kwashe wannan ɓangaren, na zuba sabon ɓuntun shinkafa mai kauri. Mutane da yawa a unguwarmu da zarar hunturu ya kama sai su naɗe akurki da leda ko buhu ta kowace kusurwa har ba inda iska za ta shiga, suna ganin gata suke yi wa kajin. Ni a ganina wannan ya fi sanyin kansa illa. Babbar kaza tana da zafin jiki na kusan digiri 41, tana kuma da gashin da take bazawa ta tare ɗumi, saboda haka sanyin Jos bai isa ya kashe ta ba muddin tana ƙoshe kuma a bushe take. Abin da ke kayar da ita shi ne iskar da ke dukanta kai tsaye, da laima, da tururin kashi da ya rasa mafita ya riƙa cin hanyar numfashinta. Don haka na rufe gefen arewa da na gabas da buhuna, tunda ta nan iskar hunturu ke bugowa, na bar tazara a sama ƙarƙashin rufi.

'Yan tsaki kuwa lamarinsu daban ne. Wata kaza ta gama kwancinta na kwana 21 ta ƙyanƙyashe a makon jiya, na ware ta da 'ya'yanta a cikin wani babban kwando a kusurwar zaure. A makon farko ɗan tsako yana buƙatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, kuma ba abin da ke ba shi wannan kamar fiffiken uwarsa. Maiɗakina ta so a ajiye musu kaskon gawayi da dare, na ce mata a'a, saboda gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, ga kuma haɗarin gobara a wurin da ke cike da ɓuntu. Muka daidaita a kan fitilar lantarki idan akwai wuta, idan babu kuma kwalbar ruwan zafi naɗe da tsumma. Na ba su tsaki da ruwa mai ɗan ɗumi a faranti marar zurfi, na zuba tsakuwoyi a ciki don kada su shiga su jiƙe. Manyan kuma na dama musu dusa da ruwan ɗumi, na haɗa da abincin kanti, na ajiye masara da dawa sai yamma, domin hatsin da suka kwana da shi a ciki yana taimaka musu riƙe ɗumi har safiya.

Ina cikin wannan hidima ne na lura Zaki bai fito ba. Karen nan shi ne mai gadin gidan da na akurkin, kuma bai saba barin a buɗe wa kaji ba tare da ya zo ya tsaya a gefe ba. Tun shekaranjiya ya rage cin abinci, jiya kuwa ko kallon kwanonsa bai yi ba. Na same shi a dunƙule a ɗakinsa yana rawar jiki, hancinsa a bushe, kunnuwansa da zafi. Maƙwabcina da ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, sanyi ne kawai ya kama shi, ka ba shi maganin zazzaɓi na gida ka lulluɓe shi, zai tashi." Na yi masa godiya, amma ban bi shawarar ba. Magungunan ciwon jiki da muke sha, musamman ibuprofen, suna lalata ciki da ƙodar kare, farasitamol ma kan yi wa hantarsa da jininsa lahani idan aka ba shi da ka. Na ɗaga leɓensa na duba dasashinsa, sai na ga ya yi fari fat maimakon ja-ja da na sani. Da ya lallaɓa ya fita fitsari kuma, fitsarin ya yi duhu kamar ruwan shayi. Nan hankalina ya tashi, domin sanyi ba ya ƙarar da jini.

Da hantsi ni da babban ɗana muka sa shi a Keke Napep muka kai shi wurin likitan dabbobi. Ya auna zafin jikinsa ya samu ya haura digiri 40, alhali na lafiyayyen kare ba ya wuce 39 da ɗan abin da ba a rasa ba. Ya buɗe cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ya ciro kaska, sannan ya ɗebi ɗigon jini daga gefen kunne ya duba a madubin likita. Ya ce mini, "Baba, zazzaɓin kaska ne, ƙwayar cutar tana fasa jininsa, shi ya sa dasashin ya yi fari. Da kun bari ya ƙara kwana biyu, da sai an yi maganar ƙarin jini." Ya yi masa allura, ya rubuta ƙwayoyin da za a riƙa ba shi har mako huɗu, domin a cewarsa cututtuka biyu da kaska ke ɗauka sukan haɗu a jikin kare ɗaya. Ya kuma tambayi katin rigakafin ciwon hauka, na nuna masa cewa na bana bai ƙare ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa cewa kaskar kare ba ta jiran damina, tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin shimfiɗa, har a tsakiyar rani tana nan tana hayayyafa, kuma tsummokaran da ake ƙara wa kare saboda sanyi maɓoya ce mai kyau a gare ta.

A hanyar dawowa direban ya yi mamakin kuɗin da aka kashe a kan kare. Na ce masa dabbar da ke kwana a waje cikin wannan sanyi tana tsaron gidana tana da haƙƙi a kaina, kuma a addini ma an san labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Ya yi shiru, daga baya ya tambaye ni sunan allurar da ake yi wa kaji, domin nasa sun ƙare a hunturun bara.

Wannan tambaya tasa ta taɓa abin da ya fi damuna a kowace shekara. Da sanyi ya shigo sai ka ji an ce kaji suna ta mutuwa a unguwa kaza, suna gyangyaɗi, suna koren kashi, wasu wuyansu ya murɗe, sai a ce sanyi ne. Akasari cutar Newcastle ce, wadda ta fi yaɗuwa a lokacin hunturu, lokacin da kuma ake yawan kai kaji kasuwa da kawo su gida saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Ba ta da magani idan ta kama, amma tana da rigakafi mai araha, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda take nan tun 1924, tana yin sa a nan kusa da mu. Nawa na ɗiga musu a ido tun watan Nuwamba, zan maimaita a watan gobe, kuma duk kazar da ta shigo gidan nan, ko kyauta ce daga ɗan'uwa, sai ta yi mako biyu a ware kafin ta haɗu da sauran.

Da la'asar na fitar da shimfiɗar Zaki na ƙone ta, na share ɗakinsa, na yi feshin maganin kaska a tsagogin bango. Kafin in fara sai da na kora kaji cikin akurki na rufe, na kife mazubansu, saboda maganin guba ne, kuma kaza ba ta barin abin da ta gani a ƙasa. Na ƙara musu toka da yashi a ramin da suke birgima, don ƙuma da ƙwarƙwata su ma sukan yi yawa idan tsuntsaye suna cunkushewa wuri ɗaya saboda sanyi. Ƙwai ya ragu a kwanakin nan, wanda ban ɗauke shi abin damuwa ba, tunda abincin da suke ci yanzu wani ɓangarensa ɗumama jiki yake tafiya.

Bayan magariba maiɗakina ta dafa wa Zaki shinkafa da hanta, ba albasa ko kaɗan, domin likita ya ja kunnenmu cewa albasa tana ƙara fasa jinin kare. Ya ci kaɗan, ya sha ruwa sosai, na tura masa ƙwayar maganin a cikin yankan hanta ya haɗiye. Mun mayar da shi ɗakin ajiya a kan sabon buhu har warin feshin ya fita. Likita ya ce in duba dasashinsa da launin fitsarinsa kowace safiya, idan ya fara amai ko ya kasa tsayuwa in kira shi ko da tsakar dare ne, in ba haka ba mu koma ranar Asabar a sake duba jinin.