Yadda ƙwararru suka sulale daga wurin aikinmu

A wani kamfani da na taɓa yi wa aiki, shugabanni sun kashe maƙudan kuɗi wajen horar da ma'aikata, amma da lokacin ƙarin girma ya zo sai aka fifita 'yan lele a kan waɗanda suka riƙe aikin, abin da har yau nake ganin zalunci ne tsagwaronsa. Ba a jima ba ƙwararrun suka fara ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi da iliminsa da abokan cinikin da suka saba da shi. Waɗanda suka rage kuwa suka daina faɗin gaskiya a taro, har kuskuren lissafin da wani ƙaramin akawu ya gano ya ja bakinsa ya yi shiru ya jawo mana asarar babbar kwangila.