Ƙafar da ta taka ba da sanin mai ita ba

Talata. Hazo ya rufe gari tun asuba, hanyar Kwangila kuwa sai a hankali. Kafin azahar na duba masu zazzaɓin cizon sauro da masu hawan jini, aikin kullum. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wata ɗaliba daga Tudun Wada, tana jan ƙafar hagu a ƙasa, yayanta na riƙe da ita.

Mahaifiyarta ta zube mini takardu a tebur, da hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini, duk lafiya lau. Ta ce, "Likita, ko'ina muka je sai a ce ba a ga komai ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Kawunta ma cewa yake shagwaɓa ce."

Na zaunar da yarinyar, na sa tafin hannuna ƙarƙashin dunduniyar hagu, na ce ta danna. Shiru. Sai na ce, "Ƙanwata, rabu da wannan, ɗaga mini ta dama da ƙarfinki," ina danne gwiwar. Nan take dunduniyar hagun ta matse mini hannu. Wani likitan Amurka, Charles Hoover, shi ya bayyana wannan gwajin a 1908, kuma ko kwabo ba ya ci. Na ce Hajiya ta sa nata hannun, muka maimaita. Sai ta hau salati.

A nan na fi ɗaukar lokaci, domin bayanin shi ne farkon magani. Na ce musu ciwon gaske ne, wanda a Turance ake kira functional neurological disorder, kuma ba ita ta ɗora wa kanta ba. Jijiyoyi ba su lalace ba, ƙarfin na nan, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ne ba ya isa idan ta sa hankalinta a kan ƙafar. Kamar waya ce mai lafiya wadda sabis ke yanke mata. Shi ya sa hoto ba ya nuna shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a sallami irin waɗannan da "babu komai", alhali akwai alamar da ake gani da ido. Yayan ya tambaya ko damuwa ce. Na ce wasu akwai, wasu babu; tun 2013 ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ta daina sharɗanta sai an gano wata damuwa kafin a tabbatar da ciwon. Duk da haka na fitar da su waje, na tambaye ta ita kaɗai.

Na rubuta mata takarda zuwa sashen gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Shika, inda za a sa ta tafiya da baya, ko tana ƙirge tana takawa, don hankali ya bar kan ƙafar. Na ce kada a sayo keken guragu. Addu'a kuwa a ci gaba, amma ban da duka da hayaƙi.

Da la'asar aka kawo wani magidanci mai faɗuwa, ya daɗe a kan carbamazepine, maganin farfaɗiya. Matarsa ta ce idonsa a rufe gam yake yi, kuma abin kan haura minti goma. Wannan ya fi kama da irin ciwon yarinyar, sai dai wasu na da shi haɗe da farfaɗiya, don haka ban taɓa maganin ba. Na roƙe ta ta ɗauko mini bidiyo a waya idan ya sake, su dawo bayan mako biyu.