Laraba, da zancen uwar miji

Tun asuba babu wuta, shi ya sa na tattara kwamfuta da takardu na wuce gidan Umma, tunda su suna da sola. Saura kwana tara in tsaya gaban malamai in kare bincikena, har yanzu ina shafi na uku.

Ashe Auta na can. Na same ta a bakin gadon Umma, takardar hoton ciki a hannunta, ta nannaɗe ta kamar tabarma. Likita ya ce PCOS ce, wato matsalar sinadaran jiki da ke hana mace sakin ƙwai a kan lokaci. Ni dai na daɗe ina zargi: al'ada sai ta yi wata uku ba ta zo ba, ga ƙuraje, ga gashin haɓar nan da take tsigewa a ɓoye tana zaton ba mu lura. Shekara biyu da aure, uwar mijinta har ta fara aiko rubutu da turaren hayaƙi.

Ta ce, “Yaya, ke da kike karatun ƙwan mace dare da rana, me ya lalace a jikina?”

Maimakon in rungume ta, sai bakina ya ɓalle da lacca. Wannan hali nawa, Allah ya shirye ni. Na ce mata kowane ƙwai yana kwance ne cikin 'yar jaka, ƙwayoyin giranulosa sun kewaye shi kamar ƙawayen amarya. Su ke karɓar sinadarin maza da maƙwabtansu ke haɗawa, su juya shi ya koma istirojin, sinadarin mata, da taimakon wani abu da ake kira aromatez. Idan aikin ya yi rauni, ko sinadarin mazan ya yi yawa, sai jakunkunan su tsaya ƙanana, babu wadda ta nuna balle ta saki ƙwai. Su ne ɗige-ɗigen da ta gani a hoton.

Daga nan na zarce kan abin da ya hana ni barci watan nan. Cikin DNA ɗin mutum, abin da ke ba da umarnin haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran an daɗe ana yi masa kallon tarkace, sai ga shi wani ɓangarensa yana fitar da RNA, wato kwafin da ake ɗauka daga DNA, amma irin wanda ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Wasu gajeru ne ƙwarai, harafi 22 ko kusa da haka. Aikinsu su maƙale wa saƙon da aka aika a haɗa furotin, su danne shi. A 1993 aka fara gano irinsu a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, kuma a 2024 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka karɓi kyautar Nobel a kai. Akwai ɗaya, miR-378, da aka ga yana rage aromatez a giranulosar alade.

Umma tana tsince shinkafa a faranti, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, “Wato ba ya girki, amma shi ke cewa a rage gishiri. Ai uwar miji ke nan.”

Na yi dariya har da ƙwalla. Wallahi duk takardun da na karanta babu wanda ya faɗe shi a taƙaice haka. Auta ma ta murmusa, sai kuma na ga fuskarta ta canza. Ni ko maimakon in ja bakina, sai na ƙaro labarin ɓerayen Japan, na 2013, da aka cire wa biyu daga cikin gajerun RNA ɗin nan, miR-200b da miR-429. Matan suka daina sakin ƙwai, kuma matsalar ba a wajen ƙwan take ba, can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne sinadarin LH, mai sa a saki ƙwai, ya ƙi tashi yadda ya kamata.

Auta ta ce, “To akwai allurar da za ta kashe waɗannan ƙananan?”

Babu. Har yau ba a yi wa PCOS magani da su ba, aikin yana ɗakin gwaji. Abin da likita ya rubuta mata letrozole ne, wanda shi ma aromatez ɗin yake dannewa na 'yan kwanaki, ƙwaƙwalwa ta ga istirojin ya yi ƙasa ta turo ƙarin FSH, sinadarin da ke sa jakar ƙwai ta girma, ƙwai ya samu ya nuna. Mata da yawa sun samu ciki da shi, na faɗa mata haka, na maimaita. Na ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da ita. Ta ce ita ba kashi ba ce. Na yi tsit.

Umma ta zuba mana shinkafa da wake, mai da yaji. Auta cokali uku ta yi.

A Keke, ina dawowa, na riƙa tuna yadda na yi ta zuba kamar rediyo, yarinya tana neman kafaɗar da za ta jingina. Baban yara ya ce ai ni ko gaisuwar mutuwa na je sai na yi bayani. Ban tanka masa ba, don bai yi ƙarya ba.

Wuta ta dawo ƙarfe tara. Shafi na uku yana nan yadda na bar shi. Goma saura saƙonta ya shigo: “Yaya, ɓerayen nan da kika ce, daga baya sun haihu?”

Na rubuta amsa sau biyu ina gogewa. Gobe dai zan je gidanta da safe, ba tare da kwamfuta ba.