Ƙwayar da ba na jin aikinta a jiki

Shanyewar ɓarin jiki ta kama ni ta gefen dama. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe jijiya, ba fashewa ta yi ba, kuma da wannan aka tsara maganina. Aka sallame ni da asfirin, da maganin hawan jini, da atorvastatin, maganin rage kitsen jini da ake kira kolestarol, mai miligiram 80, ƙwaya ɗaya kullum.

Ta ukun nan ce na daɗe ban ga amfaninta ba. Na hawan jini in ka sha, ana ɗaura maka abin awo za ka ga lamba ta sauka. Ita kuwa shiru kake ji. Da na koma asibiti na ce, "Likita, wannan fa kuɗi kawai take ci, hannun yana nan yadda yake." Ta yi dariya ta ce, "Baba, hannu aikinka ne kai da masu gashin ƙashi. Ita gadi take yi, kada shanyewa ta biyu ta zo."

A wurinta na ji cewa yawancin kolestarol hanta ce ke haɗa shi, ba duka daga abinci yake zuwa ba. Shi ya sa siriri irina ma yana iya tara shi. Mugun cikinsa, wanda ake kira LDL, yana manne wa bangon jijiya har ya yi tudu. Ranar da tudun ya tsage sai jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Maganin yana rage wa hanta wannan aiki, sai ta koma tsamo LDL daga cikin jini. Wani bincike mai suna SPARCL da aka wallafa a 2006, a kan mutum 4,731, ya nuna atorvastatin ya rage maimaituwar ciwon da kusan kashi 16 cikin ɗari. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma wanda aka taɓa ciccibawa zuwa banɗaki ba zai raina shi ba.

Hannu kuwa da wake ya dawo. Kowace hantsi uwargida ta zuba mini shi a faifai, in riƙa tsinta ɗaya-ɗaya ina sakawa a kofi, yatsu na rawa, rabi na zubewa a tabarma jikoki na tattarawa. Daga nan maɓallin riga, daga nan cokali.

Can sai cinyoyina suka fara tsami. Masu zuwa dubiya suka ce in ajiye maganin asibiti tunda na miƙe, wani har da jarkar tsimi ya zo. Na koma wurin likita, aka gwada jini, aka sauya mini zuwa rosuvastatin, wani maganin kolestarol ɗin, ciwon ya lafa. Ta ja mini kunne: in tsamin ya tsananta, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, in zo a ranar. Kuma duk wanda zai ba ni magani a kemis in faɗa masa abin da nake sha, don wasu, irin su clarithromycin mai kashe ƙwayoyin cuta, ba sa jituwa da wasu daga cikin magungunan kolestarol ɗin nan.

Da azumi na mayar da shan ƙwayar bayan buɗa-baki. Man shanu da kayan ciki na rage, tsire sai jefi-jefi, wanda har yau bai yi mini daɗi ba.

Gwajin baya ya nuna LDL ɗina ya sauka ƙasa da 70, inda ake so. Na tambaya ko in huta haka nan. Likita ta ce ai maganin ne ya riƙe shi a wurin, in na daina, cikin 'yan makonni zai koma inda ya fito.